Rigunan Ruwan Efraín

Labari ya zaga garinmu Kissimmee, daga shagon aski har ƙofar coci, wai masu gadin filin wasannin nan da ake kira filin ayu sun kama Efraín Colón da mushen akuya a cikin jaka. Wai warin ya sa kadan roba da ke tafkin filin ya suma, aka rufe wurin kwana uku, jirgi mai saukar ungulu ya zo ya yi feshi. Matar mai facin taya ta rantse da kabarin kakarta ta ga hoton a waya: Efraín a durƙushe, hannu a ɗaure, akuyar kuma sanye da hula.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Babu akuya, babu kamu, babu jirgi. Kadan yana nan lafiyarsa lau, yana buɗe baki duk bayan minti biyu kamar yadda aka ɗaura masa. A gabana, ni Wiso, aka yi komai, don Efraín taubashina ne, ɗan kawuna, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na ƙara gishiri sai in miyar ta yi lami. Abin da ke cikin jakar rigunan ruwa ne na leda guda goma sha biyu. Maganar wari kuwa, nan ne kaɗai masu tsegumi suka rage.

Efraín ya baro duwatsun Utuado, can tsibirinmu na asali, yana ɗan shekara goma sha tara, da akwati ɗaya da gashin bakin da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ya wanke kwanuka, ya yanke ciyawa, daga baya wani tsoho ɗan Cuba ya koya masa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shekara talatin ya yi a kan rufin otal-otal, a kwance gefen injuna, rana na gasa masa ƙeya. A can sama ya yi karatun da bai yi a makaranta ba, wato karatun gajimare. Mai aiki a kan rufi a watan Yuli, da ƙarfe a hannu, in bai san lokacin da hadari ke haɗuwa ba, aradu ce za ta sanar da shi. Efraín sai ya shinshina iska, ya kanne ido ɗaya ya dubi yamma, ya ce saura minti ashirin, ya tattara kayansa ya sauko. Yana sa ƙafa a ƙasa sama za ta tsage.

Daga nan kansa ya fara kumbura, har hula ta daina zama.

Tun 'yarsa Maribel tana da shekara huɗu, duk damina sai ya kwashi iyali ya kai su filin ayu, wurin wasannin nan mai lilon da ke kifa mutane kai ƙasa, inda wani bawan Allah ke yini cikin rigar ayu yana ɗaga wa yara hannu. Efraín ba ya hawa komai. Ya ce bayansa ne, amma duk mun san tsoro ne. Shi abin da ke kai shi filin ƙarfe uku ne. Ruwan daminarmu, a faɗarsa, ma'aikaci ne mai agogo: ƙarfe uku ya iso, ya yi minti arba'in, ya tashi aiki. Da zarar an fara yayyafi, baƙi masu yawon buɗe ido sai su watse kamar kaji sun ga shaho, su yi layi a kanti suna sayen rigar leda mai hoton ayu a kan kuɗin da zai saya wa mota taya. Shi kuwa sai ya sauke koriyar jakarsa a tsakiyar hanya, ya gyara murya, ya fara kiran suna kamar kofur a fareti. Kowa ya karɓi tasa ya zura, mu ratsa cikin ruwa muna taƙama, hanya fayau, babu layi ko'ina. In muka wuce masu rakuɓewa a gindin bango, sai ya girgiza kai ya ce, "Baƙi!" yadda za su ji.

Jakar nan ko matarsa Nilsa ba ta da izinin taɓawa. Riga biyu ga kowane mutum, don a cewarsa leda ba ta da amana. Kowace riga tana cikin 'yar jakar leda mai zif, da suna a rubuce da baƙin alƙalami. Nilsa, wadda ke dafa abinci a makarantar firamare kuma ba ta kashe kalma biyu inda ɗaya za ta isa, an yarje mata abu ɗaya tak: ta kawo busassun safa a leda, shi ya saka a aljihun gefe.

Sai kuma iliminsa na kimiyya. In an dawo gida, yakan ninke rigunan da ruwansu, ninki takwas, ya cusa kowace a ledarta, ya zauna a kai da dukkan nauyinsa har iska ta fita, ya ja zif.

"Ruwa ba ya rayuwa inda babu iska," in ji shi. "Ka fitar da iska, ruwa ya mutu. Wiso, da ka gama aji shida da ka san wannan."

Kuma abin haushi, duk shekara in an buɗe sai a tarar da su a bushe ƙamas, suna ƙamshi kamar jariri ya fito wanka. Na taɓa tambayarsa daga ina ƙamshin hoda yake fitowa. Ya ce haka leda take yi in ta huta.

Shekara ashirin da biyu ana haka, ruwan sama bai taɓa sanin kafaɗar ɗan gidan Colón ba.

Sai Maribel ta kawo miji. Trent, wani dogon yaro ɗan Minnesota mai kunya, in ya yi dariya sai ya nemi gafara. Efraín bai ƙi yaron ba. Abin da ya hana shi barci wurin biki ne. Ranar da aka haifi Maribel ya shuka mangwaro a bayan gida, kuma shekara ashirin da shida yana ba bishiyar nan taki yana gaya mata a ƙarƙashinta za a ɗaura auren. Amma uwar ango, Doña Darlene, ta ce a'a. Za a yi bikin a Agusta, ita kuma ta ji labarin ruwanmu. Akwai babban zaure a garinsu, mai rufi, mai bango huɗu. Ga shi tana sa na'urar ji a kunnuwa biyu, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake, in ruwa ya shige su sun tashi aiki, ita kuma ba ta son a ɗaura auren ɗanta tana kallon leɓɓa suna motsi.

Wata rana Maribel tana waya da matar, sai Efraín ya karɓe wayar daga hannun 'yarsa. "Doña, ki zo ki gani da idonki. Ki zo a Yuli, tsakiyar ruwa. Zan kai ki fili mu yini a waje. In ɗigo ɗaya ya taɓa kunnenki, a kai bikin Minnesota, ni da kaina zan ɗauki kujeru."

Matar ta ce ta yarda.

Maribel ta bi shi har gindin mangwaro. "Papi, abu ɗaya nake roƙo. Ban da wa'azi, ban da yi wa mutane dariya. Kada ka ba ni kunya a gaban matar nan."

"Ni? Kunya? 'Yar nan, a hannun wa kika girma a bushe?"

Wata Asabar a Yuli muka cika mota mu shida: Efraín da Nilsa, Maribel da Trent, Doña Darlene, sai ni, don ba a taɓa zuwa filin ba tare da ni ba, kuma ba a taɓa gayyatata ba. Da sassafe ya hau tsani ya sauko da jakar daga saman kanta a gareji, garejin da in ka ajiye ɗanyen ƙwai da hantsi za ka ci dafaffe da azahar. Bai buɗe leda ko ɗaya ba. Me zai buɗe? Leda biyu kawai ya zaro, ya goge sunan wata gwaggonmu da ta koma tsibiri, ya rubuta DARLENE da manyan baƙaƙe, har da 'yar fure a gefe.

Muna kan babbar hanya Nilsa ta yi zumbur kamar an tsikare ta.

"Efraín. Bara da muka dawo daga fili, washegari ne na tafi jinyar Mami, ko?"

"Da asuba ma. Ni na kai ki filin jirgi."

"Wata biyu na yi."

"Har da kwana huɗu. Shinkafa ta ƙone mini sau tara."

"Bayan na tafi, wani ya buɗe jakar nan?"

Ya yi dariya ya dubi Doña Darlene ta madubi. "Kin ji ta ko? Doña, jakar nan ko shugaban ƙasa ya zo sai ya cika takarda."

Nilsa ta yi alamar gicciye a ƙirji. Can ta ce a hankali, "Tsoho, tsaya a kantin nan na gaba, ina son sayen wani abu."

"An makara. In ba mu shiga kafin tara ba, layi zai kai Georgia."

A bakin ƙofa mai binciken jaka ya leƙa, ya ga ledoji a jere kamar fayil a ofis, har ya yaba. Efraín ya ƙara tsawo da inci biyu. Muna shiga Doña Darlene ta tsaya a kantin farko, ta ɗauki riga mai hoton ayu, ta ce ko don kwanciyar hankali. Nilsa ta yi caraf ta ce, "Ƙyale ta ta saya. Tsaraba ce." Amma ina! Efraín ya zare rigar daga hannun baƙuwa da yatsu biyu, kamar ya ɗauki mataccen ɓera, ya mayar kan kanta.

"Doña, wannan na marayu ne, waɗanda ba su da kowa a garin nan. Ke kina da ni."

Maribel ta rufe ido. Mai kantin ta bi shi da kallo, kuma ku riƙe mai kantin nan a ranku, za ta dawo.

Safiya ta tafi lafiya. Trent ya hau lilo ya sauko fuska kore, ya ba kowa haƙuri. Doña Darlene ta ci cinyar talo-talo da ta kusa kai hannunta girma, ta ɗauki hoto da ayu. Efraín ya yi wa'azi uku kacal, wanda a wurinsa azumin magana ne. Ƙarfe uku saura kwata iska ta juya, ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar kwalta daga nesa. Ya tsaya cak a tsakiyar dandali, nesa da kowace rumfa, don yana son filin fareti. Ya shinshina. Ya kanne ido.

"Minti bakwai," ya ce. "Doña, duba agogonki."

Ya sauke jaka, ya gyara murya. "Darlene Lindgren!" Ya miƙa mata da hannu biyu. "Maribel! Trent! Nilsa! Wiso, ungo, ɗan cin arziki."

Doña Darlene ce ta fara jan zif.

Jama'a, na taɓa aiki a bayan kasuwar kifi a watan Agusta da wuta ta ɗauke kwana biyu. Wannan turare ne. Abin da ya fito daga ledar nan ya bugi matar a fuska har gilashinta ya yi hazo. Wani yaro da ke wucewa da alewar auduga ya fashe da kuka. Tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya suka nufi Tampa. Ta sa yatsa ta jawo rigar, sai ga wani dunƙule baƙi-ƙirin, mai gashi-gashin fumfuna kore da toka, ya manne wuri ɗaya kamar ƙanzon tukunya. Ta nemi bakin ninkin ta ja, ya yage a hannunta, wani ruwa mai yauƙi ya zubo mata a takalmi.

"Wannan ɗaya ce ta samu matsala," in ji Efraín. Muryarsa ta sirance. "Shi ya sa nake kawo biyu."

Ya buɗe ta biyun da kansa. Ta fi ta farko. Ya buɗe ta Maribel, ya buɗe ta Trent, ya durƙusa a kan kwalta yana yage leda bayan leda, hannuwansa sun yi baƙi har wuyan hannu, mutane suna kewaye mu suna toshe hanci. Tawa da na buɗe, na rantse wani abu a ciki ya juyo ya dube ni. Goma sha biyu cif, babu wadda ta tsira.

Kuma a kan minti bakwai daidai, kamar yadda ya faɗa, sama ta tsage.

Irin ruwan nan ne da ba ya fara da sallama. Kafin mu kai rumfar mai sayar da askirim mun jiƙe har cikin ƙashi, rumfar kuma ta riga ta cika da mutum ya fi ɗari, duk baƙi, rabinsu cikin rigar ayu, a bushe. Muka samu bakin-baki, inda ruwan indararo ke zuba. Doña Darlene ta dafe kunnuwanta da tafin hannu biyu, ruwa na bin gwiwar hannunta. Nilsa ce ta fizge jakar daga kafaɗar mijinta, karo na farko a tarihi, ta zaro ledar safa, ta ce wa matar, "Ciro su, maza!" Aka cusa 'yan na'urorin cikin busasshiyar safa, aka ja zif, Nilsa ta tura ledar cikin rigarta.

Efraín yana tsaye, ruwa na sauka daga gashin bakinsa. Bai iya duban 'yarsa ba. Ya san tana bayansa, yana jin shirunta a ƙeyarsa kamar zafin rana a kan rufi. Mangwaron ya faɗo masa a rai, da kujerun da ya ce zai ɗauka. Sai bakinsa, wanda bai taɓa sanin lokacin hutu ba, ya fara neman mafita.

"Ledojin ne," ya ce. "Ledojin yanzu ba su da kyau. Iska ta shiga. Shekara ashirin da biyu dabarar nan tana aiki, kowa shaida ne, in ba iska ta—"

"Efraín." Nilsa ba ta ɗaga murya ba. "Ba ta taɓa aiki ba."

"Me?"

"Duk shekara, washegari in ka tafi aiki, ni nake fito da su. In wanke, in shanya a kan shinge, in barbaɗa musu hodar jarirai, in ninke a kan sawun ninkinka, in mayar kafin ka dawo. Bara ban nan. Da na dawo, hankalina yana wurin Mami, na manta."

Ya buɗe baki kamar kadan tafki, ya rufe.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Na gaya maka shekarar farko. Ka ce in tsaya a kan tukunyata."

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma Doña Darlene, da kunnuwanta ke cikin safa, ta ga leɓɓa suna motsi, ta ga fuskar Efraín ta zube, sai ta ja hannun ɗanta. Kun san wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin muryarsa.

"ME TA CE?"

Trent ya yi ja har kunne. Ya sunkuya ya faɗa a hankali.

"BAN JI BA!"

Yaron nan mai ladabi, wanda bai taɓa yi wa ƙuda tsawa ba, ya ja numfashi ya kwarara: "TA CE ITA TAKE SHANYA SU A ƁOYE! SHEKARA ASHIRIN DA BIYU! SHI BAI SANI BA!" Sannan ya juya ya ce, "Yi haƙuri, yallaɓai."

Wata mata mai jaririya a kafaɗa ta fara dariya, ta yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Wani ƙaton mutum cikin rigar leda mai hoton ayu ya dafa kafaɗar Efraín ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma bara na gano ba injin ne ke ninke mini kaya ba."

Efraín ya matsa gaban Doña Darlene, ya cire hularsa da ta zama tsumma. "Doña, ki gafarce ni. Laifina ne."

"ME?"

"LAIFINA NE!"

"NA WA?"

"NAWA! NI NE JAKIN!"

Daga can cikin rumfa wani ya amsa, "Mun ji!"

Ya tattara ruɓaɓɓun ledojin nan goma sha biyu a ƙirjinsa, ya fita cikin ruwa, ya zuba su a kwandon shara, ya nufi kantin bakin ƙofa. Na bi shi, don irin wannan kallo ba a samunsa kullum. Layi ya fito har waje ya lanƙwasa. Ya tsaya a ƙarshe, bayan mutanen da ya shekara ashirin da biyu yana kira baƙi, ruwa na dukansa, bai ko kare kansa ba.

Na ce, "Taubashi, kai fa ka ce minti arba'in ne. Kafin ka kai gaba an ɗauke."

"Na sani."

"To me kake yi a nan?"

"Wiso, in tsaya a ina?"

Sai na tsaya a bayansa, ruwa na dukanmu mu biyu.

Yana isa gaban kanta rana ta fito, tas, kwalta ta fara tururi. Mai kantin ta ɗago kai ta gane shi.

"A'a! Mai marayu! Guda nawa?"

"Shida," ya ce, yana duban takalminsa.

"Ai an ɗauke ruwan, yallaɓai."

"Shida."

Haka ya ratso dandalin cikin rana tsaka, yana ɗiga, rungume da riguna shida masu hoton ayu yana murmushi. Ya miƙa wa kowa tasa, bai kira suna ba. Doña Darlene ta mayar da na'urorinta, ta karkata kai, ta ce duka biyun suna aiki, sai dai suna ƙamshin sabulun wanki. Maribel ta karɓi tata ba ta dube shi ba. A mota har gida muryar Trent kaɗai aka ji, da ya yi atishawa ya nemi gafara.

Kwana tara Maribel ba ta kira shi ba. Efraín ya daina zuwa shagon aski, ranar Lahadi ya zauna a bencin ƙarshe a coci ya fita kafin a tashi. Da yamma sai ya ɗauki kujera ya zauna nesa da mangwaron, ya ba shi baya, kamar wanda suka yi faɗa. Nilsa ta ce har ya fara tambayar inda ake sayar da rigar sanyi, ko da yake an gaya masa Agusta ko a Minnesota zafi ake yi. In ta sa masa shinkafa da wake da soyayyar agada, sai ya ce na gode. Ta ce wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Rana ta goma waya ta yi ƙara. Ya ɗauka. Doña Darlene ce, ta gaishe shi da fara'a, ta ce ya ba ta Nilsa. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar ɗan haya, matan biyu suka yi awa guda suna ƙyalƙyala dariya. Da Nilsa ta ajiye, ta goge hannu a zani ta ce, "A gindin mangwaro za a yi."

Ya dafa bango. "Amma ai ruwa ya taɓa ta. Na faɗi."

"Ta ce ka faɗi ƙasa warwas. Ta ce amma lokacin ruwan ka faɗa daidai, minti bai kuskure ba, don haka kai za ka zaɓi awar ɗaurin aure. Rumfa da riguna da duk abin da ake taɓawa da hannu, ni. Ta ce da can tana tsoro ne don ta zaci kai ke riƙe da gidan."

Bayan mako guda ɗan aike ya kawo ƙunshi daga Minnesota da sunansa a kai, har da 'yar fure a gefe. Maƙalan shanya ne na katako, masu riƙe kaya a igiya, guda ɗari.

Jiya na biya ta gidan. Maribel tana kicin da uwarta suna rubuta sunayen mutanen biki, na ji ta tana ƙwala masa kira, "Papi, ka juya su, ɗaya gefen bai bushe ba!" Na zaga baya. Ga Efraín Colón, masanin gajimare, tsaye a bakin shinge, maƙali uku a baki, gwangwanin hodar jarirai a hammata, ayu shida suna lilo a kan igiya suna masa murmushi. Gashin bakinsa ya yi fari da hoda.

Na jingina da mangwaro na shinshina iska, na kanne ido ɗaya. "Malam mai kimiyya, sannu da aiki. Na ce, ba za ka zauna a kansu ba? Kada fa ruwan ya farfaɗo. Af, matar mai faci ta ce in tambaye ka, wai akuyar nan ta samu beli?"

Ya cire maƙalan daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya maƙala su a igiya, sannan ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Wiso, ni sau ɗaya na yi wari a rayuwata, kuma an gano dalili. Kai har yau likitoci suna bincike. Riƙe mini bakin igiyar nan."